Wanda Ke Ci da Maƙogwaronsa

In ka taso daga Daurawa ka nufi Gyadi-Gyadi, sai ka wuce ta gaban Asibitin Malam Aminu Kano. A nan rai ya yi wa Alhaji Mamman Shata halinsa ranar 18 ga Yunin 1999, aka kai shi Daura aka binne. Ɗan gaba kaɗan kuma ga Titin Gidan Zoo, inda ɗakunan ɗaukar waƙa ke jere a saman benaye, matasa na hawa da sauka da baitoci a wayarsu. Tafiyar ba ta kai ta minti goma a adaidaita ba, amma daga zamanin Shata zuwa yau sana'ar waƙa ta sauya kama ƙwarai.

A da, ba a wayi gari mutum ya ce shi mawaƙi ne. Musa Ɗanƙwairo ya daɗe yana amshi a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, sannan a bayan yayansa Abdu Kurna, kafin ya ja nasa ayarin. Amshi makaranta ce: nan ake koyon inda za a saci numfashi, da yadda za a ɗaga murya ta keta ƙarar kotso ko kalangu ta isa kunnen sarki a filin da ba lasifika.

Wannan ne ya sa nake ganin makaɗan fadarmu sun fi kusa da mawaƙan opera na Turai fiye da yadda ake zato. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi tun daga farko har ƙarshe, an faro shi a Italiya wajen 1600. Har gobe, a zaure irin La Scala na Milan, wanda aka buɗe a 1778, mawaƙi kan tsaya ba makirfo, ga makaɗa sittin ko fiye a gabansa, kuma na kujerar ƙarshe ya ji shi tangaran. Luciano Pavarotti, ɗan mai gasa burodi, ya shafe kusan shekara bakwai yana koyo kafin ya hau dandali a 1961.

Mawaƙan nan ba ihu suke yi ba. A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani biyu da iskar huhu ke kaɗawa. Na namiji kan kaɗa sau ɗari da 'yan kai a daƙiƙa guda in yana magana, na mace kusan ninkin haka, mace mai zaƙin murya kuwa kan haura sau 1,000 in ta kai ƙololuwa. Gwani daga ciki yake turo iska, ya buɗe maƙoshi yadda sautin zai yi kaifi. Wanda ya matse wuya ya yi ta ƙwala murya, tantanin nan kanta suke yi kamar tafin hannun manomi, sai dusashewa. Ƙurar hunturu da sigari da kwana uku a jere a gidan biki duk suna ƙara ta'azzara abin. Shayin citta da zuma da mawaƙanmu suka yarda da shi yana sanyaya maƙoshi, amma ba ya warkar da kanta. Wannan sai hutu, ko likita.

Hanyar samu kuwa ta bambanta. Mawaƙin Turai yana da wakili da takardar yarjejeniya, ana kama shi aiki shekara biyu ko uku kafin ranar. Namu na da kuwa, doki da riga da gona yake samu a hannun ubangida. Na yanzu kuwa ya dogara da liƙi, da waƙar amarya da ango, da kakar siyasa, da 'yan kuɗin YouTube. Kwamfuta na miƙe masa murya in ta karkace, abin da ya buɗe ƙofa ga masu basirar tsara baiti da yawa, ban raina wannan ba.

Sai dai kwanaki na je wani biki a Tarauni. Mawaƙin ya riƙe makirfo yana motsa baki, waƙar na fitowa daga na'urar DJ, mata na ta liƙi. Kwatsam janareta ya mutu. Zauren ya yi tsit, wata dattijuwa ta ce, "To ɗan nan, ci gaba mana da bakinka." Ya yi murmushi, ya gyara hula, ya ce a bari a kawo wuta tukuna.