Wa Ke Riƙe da Linzamin Taurarin Nuna Hanya?

Direban da ya ɗauko albasa daga Aliero zuwa kasuwar Jega ba ya bukatar taswira, amma wayar da ke aljihunsa ta san inda yake. Tana sauraron taurarin ɗan'adam na GPS ne, waɗanda ke shawagi kimanin kilomita 20,200 a sama. Kowane tauraro yana aiko da saƙon lokaci, ita kuwa wayar sai ta auna jinkirin isowar saƙon daga taurari huɗu aƙalla, ta lissafo matsayinta.

To, wannan lissafi shi ne kuma ke kai bam daidai inda aka nufa, domin taurarin mallakar sojojin Amurka ne. Shi ya sa Amurka ta daɗe tana gurɓata saƙon farar hula da gangan, har kuskurensa yakan kai mita 100. Sai a watan Mayun 2000 Shugaba Clinton ya sa aka daina. Saƙon soja kuwa a kulle yake, ba mai buɗe shi sai wanda ta amince wa.

Ƙasashen Turai ba su ji daɗin wannan dogaro ba, sai suka soma gina nasu tsarin mai suna Galileo. A 2003 suka karɓi Sin a cikin aikin, bisa alkawarin zuba Yuro miliyan 200. Hankalin Amurka ya tashi, musamman da wasu shugabannin Turai suka nemi a ɗage takunkumin sayar wa Sin makamai da aka ƙaƙaba a 1989. Tsoron shi ne kada ilimin da aka koyar don zirga-zirga ya ɓulla a cikin makamai masu linzami. Sannu a hankali aka ture Sin gefe, ita kuwa ta kammala nata tsarin, BeiDou, a 2020.

Nijeriya fa? Tauraronta NigComSat-1R, wanda Sin ta ƙera ta kuma harba a 2011, an sanya masa na'urar ƙara ingancin saƙon GPS. Sai dai gyara kawai take yi, tushen saƙon na hannun wasu. Haka abin yake ga makamai ma: a 2014, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram, Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Nijeriya jiragen Cobra masu saukar ungulu, domin ƙirar Amurka ce. Jiragen Super Tucano 12 da ta amince ta sayar ba su iso ba sai a 2021.