Ciyawar Teku a Waya, Koren Ruwa a Kududdufi: Abin da Ya Kamata Mutanen Ƙasar Zuru Su Sani

Masu tallar magani a Facebook da TikTok sun samu sabuwar haja. Za ka ga an ɗago kwalba cike da wani abu mai kauri da yauƙi, ana cewa ciyawar teku ce, sunanta a bakinsu sea moss, wai tana maganin hawan jini da ciwon suga da rashin haihuwa, tana gyara fata, tana ƙara wa maigida kuzari. Har lissafi gare su: wai jikin mutum yana buƙatar sinadarai 102, ita kuma tana ɗauke da 92. Wannan lissafi ba daga wani binciken likitoci ya fito ba, a bakin 'yan talla ya tashi, a bakinsu yake yawo. Mutumin Zuru ko Dabai ko Ribah kuwa, da ke da nisan fiye da kilomita 500 daga gaɓar teku, ba shi da ma'aunin da zai auna maganar, tun da bai taɓa ganin ciyawar da idonsa ba. Shi ya sa ya dace a zauna a warware zancen tun daga tushe.

Ita dai ciyawar teku ba ciyawa ba ce irin ta gona. Ba ta da saiwa, ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Dangin gansakuka ce, tana liƙe wa dutse ko wani abu mai tauri da ɗan gindinta don kada igiyar ruwa ta tafi da ita, abincinta kuma da dukkan jikinta take tsotse shi daga ruwan da ke kewaye da ita. A riƙe wannan magana, domin a kanta amfanin ciyawar da haɗarinta suka rataya. Masana sun ƙidaya fiye da iri 10,000, suka kasa su gida uku bisa launi: kore, ruwan ƙasa da ja. Koren ya fi son bakin gaɓa inda rana ke dukan ruwa, jan kuma yana jure ƙarancin haske, har an same shi a zurfin da ya haura mita 200. Manyan masu ruwan ƙasa, waɗanda ke tsayawa a ruwa sai ka ce kurmi, sun fi son teku mai sanyi irin na Afirka ta Kudu da Namibiya. A tekunan ƙasashe masu zafi ja da kore ne suka fi yawa. Gaɓar Najeriya ta kai kusan kilomita 850, amma yawancinta rairayi ne da laka, ga kuma ruwan Neja da ke kwarara yana rage gishiri, yana dagula ruwan. Saboda haka ba mu da ita da yawa, sai a jikin duwatsun da aka jera a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas da saiwoyin itatuwan bakin gaɓa. Ghana mai gaɓar duwatsu ta fi mu.

A duniya kuwa babbar sana'a ce. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ce abin da ake samarwa a shekara ya haura tan miliyan 35, kusan duka nomawa ake yi, kuma Sin da Indonesiya ne kan gaba. A Afirka sai a je Zanziba, inda aka fara noman a 1989 da irin da aka ɗauko daga Filifin. Mata ne suka fi yin aikin, a ƙauyuka irin su Paje da Jambiani. Idan teku ta janye, sai mace ta shiga ruwan da bai wuce gwiwa ba, ta kafa turaku a rairayi, ta ja igiyar roba tsakaninsu, ta bi tana ɗaura 'yan guntayen ciyawar ɗaya bayan ɗaya. Bayan mako shida ta dawo ta tsinke, ta ɗauko a ka, ta shanya a rana, ta sayar wa dillalai da araha. Bayanta yana ciwo, gishiri yana cin fatarta. Dangin abin da wannan baiwar Allah ke sayarwa a buhu ne ake jiƙawa, a niƙa, a ɗura a kwalba, a kawo mana da tsadar gaske a ce maganin komai ne.

Abin dariya a nan shi ne mun daɗe muna amfani da ciyawar teku ba tare da kowa ya yi mana ihu a waya ba. Farin magin da uwargida ke barbaɗawa a miya, asalinsa daga nan yake. A 1908 wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke ba romon wata ciyawar teku ɗanɗano, shekara ɗaya bayan haka Ajinomoto ya shiga kasuwa. Yau da rake da rogo da masara ake yin sa, ba da ciyawar ba, amma can aka samo dabarar. Daga jan iri ake tace karaginan, wanda ke ba askirim da wasu man goge baki kauri, lambarsa a jikin kwali E407. Daga jan iri dai ake samun aga, wanda ma'aikacin ɗakin gwaji ke zubawa a faranti ya shuka fitsari ko jinin mara lafiya a kai don ya ga irin ƙwayar cutar da za ta tsiro. Ana yin haka tun farkon shekarun 1880, lokacin da Fanny Hesse ta ba da shawarar ga masu aiki da Robert Koch a Jamus. Daga mai ruwan ƙasa kuma ake samun aljinet, wanda ke cikin Gaviscon da masu ƙwarnafi ke sha, da abin da likitan haƙori ke ɗaukar awon baki da shi. Duk waɗannan an tace su, an auna su, an san iya abin da ke ciki. Nan ne suka sha bamban da kwalbar intanet.

Babban abin da 'yan talla ke taƙama da shi shi ne aidin, kuma gaskiya ne tana da shi, domin a tokar ciyawar teku Bafaranshen nan Bernard Courtois ya fara gano sinadarin a 1811. Dattawanmu sun san maƙoƙo, sun san yadda ya yi yawa a ƙauyukan tudu masu nisa da teku, inda ruwan sama ya wanke aidin daga ƙasa. Ba a wuya kaɗai ɓarnar take tsayawa ba, rashin aidin ga mai ciki yana taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Sai dai an riga an samo mafita mai arha: tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Babban mutum maikirogiram 150 yake buƙata a rana, mai ciki 250, kuma gishirin leda mai rajista yana biyan yawancin wannan buƙata idan an adana shi a rufe, nesa da rana da laima. Aidin kuwa idan ya yi yawa, halittar nan ta wuya da rashinsa ke kumburawa ita ce dai yake rikitawa. Giram ɗaya na wasu busassun ciyawar teku yana iya ɗaukar ninki goma na abin da jiki ke so a rana. A ƙarshen 2009 sai da aka janye wata madarar waken suya daga kasuwannin Ostireliya saboda an haɗa ta da ciyawar teku, masu sha kuma suka riƙa kamuwa da ciwon wannan halitta ta wuya. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai maƙoƙo, da mai ciwon ƙoda, kada ɗayansu ya kai wannan kwalba baki sai da izinin likita. Wanda kuma ya ajiye maganin hawan jininsa ko na suga saboda ita, da ransa yake caca.

Ga kuma batun tsotso da muka ce a riƙe. Ciyawar da ta tashi a ruwan da masana'antu ke zuba dagwalo tana kwasar dalma da asanik da sauran ƙarafa masu guba, kuma ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Tun 2011 wata mai ruwan ƙasa da ake kira sargasum ta riƙa yaɗuwa a Tekun Atilantika daga Afirka ta Yamma har mashigin Meziko, a watan Yunin 2018 aka ƙiyasta ta haura tan miliyan 20. Ta sauka a gaɓar Legas da Ondo da Ghana da Saliyo, tana cika komar masunta, idan ta ruɓe tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke wahalar da masu asma. An san tana tara asanik, don haka ko dabba ba a ba ta kai tsaye. Mai saye ya tambayi kansa: daga wane ruwa aka ɗebo abin da ke cikin kwalbar nan, wa ya gwada shi, ina lambar NAFDAC? Ko lambar ma, ba ta nufin hukuma ta yarda abin yana warkar da duk cutar da aka lissafa.

Wani zai ce ai makwabtanmu na Chadi suna cin gansakuka. Haka ne. Matan Kanembu a yankin Kanem suna ɗebo wani koren abu daga tafkunan kanwa, su zuba a ramin rairayi ya tsane, ya bushe, su farfasa shi, su kai kasuwa da sunan dihe, a yi miyar tuwon gero da shi. Shi ne Turawa ke kira sifirulina, kuma fiye da rabin nauyin busasshensa furotin ne. Amma a ruwan kanwa mai ƙarfi yake tsirowa, inda yawancin sauran halittu ba sa iya rayuwa, matan kuma sun gaji sanin tafkin da ake ɗiba. Kududdufin bayan gari ba haka yake ba, kuma a ganina nan ne haɗarin da ya fi kusa da mu yake, fiye da duk wata kwalba.

A ƙasar Zuru, daga Fakai har Sakaba da Danko-Wasagu, idan bazara ta kama a watan Maris da Afrilu, koramu sun ƙafe, ruwa ya koma kududdufai da ƙananan madatsu da ramukan da aka haƙa wajen aikin hanya. A nan shanu ke sha suna kashi, a nan ake wanki da omo, a nan ragowar takin zamani da damina ta wanko daga gonaki ya taru. Ruwa ne mai ɗumi, ba ya gudu, ga taki. Abin da wata ƙwayar halitta mai launin kore da shuɗi ke so ke nan. Cikin 'yan kwanaki sai ka ga saman ruwan kamar an zubar da koren fenti, iska ta tara shi gefe guda, sau da yawa daidai inda dabbobi ke kai baki. Wasu daga cikin irin wannan suna fitar da guba mai suna maikirosistin da ke cin hanta, wasu kuma mai taɓa jijiya. A 1996 a garin Karuwaru na Barazil fiye da mutum 50 suka mutu bayan an yi musu wankin ƙoda da ruwan da ke da wannan guba. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botswana, gwamnatin ƙasar ta ɗora laifin a kan gubar irin wannan ruwa. Abin da ya kayar da giwa, akuya ba ta da ta cewa.

Tafasawa ba ta kashe wannan guba. Wannan ya saɓa wa abin da aka saba gaya mana game da ruwa, shi ya sa nake nanatawa: wuta tana kashe ƙwayar, amma gubar tana nan a tukunya. Alam yana kwantar da dauɗa, ba ya cire abin da ya riga ya narke.

Akwai gwajin da makiyayi zai iya yi a tsaye. Ya tsoma sanda a koren ya ɗago. Idan ya biyo sandar zare-zare yana reto, galibi gansakuka ce ta yau da kullum, wadda ba a san ta da guba ba. Idan sandar ta fito a shafe, ba abin da ke reto, to a yi nesa. Ko a cika farar kwalba da ruwan, a ajiye a wuri mai sanyi ya kwana: idan koren ya taso ya yi zobe a sama, abin zargi ne. Wannan alama ce kawai, ɗakin gwaji ne ke tabbatarwa, amma ta isa ta sa a kora garke gaba. Dabbar da ta sha takan yi tangaɗi, ta yi haki, ta yi zawo da jini, wata ta faɗi cikin 'yan sa'o'i a bakin ruwan. Wadda ta tsira kuma farin jikinta da hancinta kan sale idan rana ta buga, abin da masu fararen shanu ya kamata su lura da shi. A mayar da ita inuwa, a ba ta ruwa mai tsabta, a kira malamin dabbobi, kuma kada a yi saurin yankawa a kai kasuwa kafin ya duba. Kifin irin wannan ruwa, idan ya zama dole a ci, a zubar da kayan cikinsa duka, a wanke tsokar da ruwan rijiya ko na famfo.

Yara su ne abin ji, domin su ke faɗawa ruwa da tsakar rana. Ban da ƙaiƙayi da amai da zawo da koren ke jawowa, kainuwa da bado da sauran ciyayin bakin ruwa maɓoya ce ta ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya. Masuntan Yawuri sun san wahalar baƙuwar kainuwar nan mai fure shuɗi, wadda ta shigo Najeriya ta Badagiri a 1984, daga baya ta bayyana a Tafkin Kainji tana toshe hanyar jirage. Fitsarin jini ga yaro alamar tsargiya ce, ba alamar girma ba, magani gare shi a asibiti, sunansa firazikwantel.

Manomi ma yana da hannu a ciki. A bar ɗan fili mai ciyawa tsakanin gona da bakin rafi, kada a watsa taki ana ganin hadari ya haɗo, kada a wanke famfon feshi a inda ake sha. Inda hali ya yi, a ja wa dabbobi ruwa a kwami maimakon su shiga cikin tafkin. Idan kuma ruwan unguwa ya sauya launi, a gaya wa mai unguwa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a ɗebi samfur a kwalba mai tsabta da leda a hannu, a rubuta rana da wurin, a nemi a kai wa malaman Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru su duba. Kafin amsa ta dawo, a kafa ƙaya a mashayar, a sa mai shela ya zagaya gari.