Awa 30 Kafin A Ga Abin Da Ke Cikin Kan Kawu

Ranar wata Talata cikin hunturun bara, kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda tsohon malamin makaranta ne, ya tsuguna yana alwalar Asuba sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya kai hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya buɗe baki zai kira uwargidansa, abin da ya fito daga bakin bai yi kama da magana ba. Wannan ya faru ne da misalin ƙarfe 5:30 na safe. Ba a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa ba sai washegari Laraba da ƙarfe 11:30 na hantsi. Na sha zama ina lissafa yadda waɗannan awoyi 30 suka zurare, kuma duk yadda na juya lissafin sai in tarar da hannuna a ciki.

Awoyin farko a gida suka tafi. Maƙwabta suka taru, wani ya ce iska ce ta buge shi tunda kusa da makewayi abin ya same shi, aka yi hayaƙi, aka shafe shi da man zaitun, aka ɗaga kansa ana ɗura masa rubutu yana tari. Ba na raina addu'a, kuma ban ga wanda ya taɓa cewa ba za a iya yi wa mara lafiya addu'a a cikin mota ana tafiya asibiti ba. Wajen ƙarfe tara babban ɗansa ya buga mini waya, ya ce, "Yaya, Baba ba lafiya, bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa ba sa motsi." Ni kuma, ɗan bokon dangi, wanda ake ji da maganarsa, nan take na ce shanyewar ɓarin jiki ce, a je kemis a sayo asfirin a daka ƙwaya biyu a ba shi kafin a kai shi asibiti. Na taɓa karantawa a wani wuri cewa asfirin na tsinka jini, shi ke nan iyakar hujjata.

Da azahar aka isa asibitin garinsu. Suka auna jininsa suka ga ya hau ƙwarai, suka yi abin da za su iya, suka rubuta takardar tura shi birni domin ba su da na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Aka yi cuku-cukun mota da kuɗi har la'asar sakaliya. Bayan Isha'i muka haɗu a sashen gaggawa na wani babban asibiti, inda aka shaida mana cewa na'urarsu ta lalace, wurin 'yan kasuwa da ake tura mutane kuma sun tashi sai gobe. Da gari ya waye muka biya kuɗin da ya haura rabin fanshon Kawu na wata, aka ɗauki hoton cikin mintunan da ba su kai goma ba.

Wata matashiyar likita ce ta ɗaga hoton ta nuna mini wani farin tabo a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwar. Ta ce jijiya ce ta fashe, wannan farin kuwa jini ne. Sannan ta duba takardar bayanin da aka rubuta ta ce, "Yallaɓai, wane ne ya ce a ba shi asfirin?" Ban taɓa jin nauyin karin maganar nan ta ƙaramin sani ƙuƙumi ba irin na wannan safiya.

Abin da ta yi mini bayani, wanda daga baya na bi diddiginsa, shi ne dalilin wannan rubutu. Cutar da muke kira da suna ɗaya, shanyewar ɓarin jiki, a haƙiƙa iri biyu ce. Akwai wadda gudan jini ke toshe jijiyar da ke kai abinci da iska ga wani yanki na ƙwaƙwalwa, akwai kuma wadda jijiyar ke fashewa jini ya malala. A ido duk kamanninsu ɗaya: baki ya karkace, hannu ya saki, harshe ya yi nauyi. Amma maganinsu kishiyoyin juna ne. Mai toshewa ana ba shi abin da zai hana jini daskarewa, mai fashewa kuwa wannan maganin na iya ƙara masa zubar jinin. Komai ƙwarewar likita ba zai iya rantsuwa a kan wacce ce daga ciki ba sai ya ga hoto. Shi ya sa na'urar da ma'aikatan asibiti ke kira siti-sikan ba kayan alatu ba ce, ita ce ƙofar da ake bi kafin a fara magani. Kuma ba sabuwar fasaha ba ce. Tun a 1971 aka fara ɗaukar hoton kan majinyaci da ita a Landan, wanda ya ƙera ta, Godfrey Hounsfield, ya samu kyautar Nobel a 1979.

Wannan bambanci ya fi shafarmu fiye da Turawa. A ƙasashensu, kusan 85 cikin 100 na masu cutar toshewa ce. Amma wani babban bincike mai suna SIREN da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga sakamakonsa a 2018, ya duba majinyata fiye da 2,000 ya tarar kusan ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce. Matsakaicin shekarunsu 59 ne kacal, wato magidanta masu ɗauke da nauyin iyali. Binciken ya kuma nuna cewa hawan jini ne ke bayan kusan tara cikin goma na matsalar. Kawu ya san yana da hawan jini shekara da shekaru. Yakan sha magani in kai ya sara masa, in ya ji sauƙi ya ajiye, kamar yadda da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi suke yi.

Sai kuma batun lokaci. Wani likita Ba'amurke, Jeffrey Saver, ya lissafa a 2006 cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwaƙwalwa na asarar ƙwayoyin halitta kusan miliyan 1.9 a kowane minti. Akwai allurar narkar da gudan jini da Amurka ta amince da ita tun 1996, sai dai ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga fara ciwo, kuma bayan hoto ya tabbatar babu zubar jini. Daga 2015 aka tabbatar da amfanin zura siririn bututu ta cikin jijiya a zaro gudan. Gaskiyar magana, waɗannan hanyoyi biyu suna da tsada, kuma 'yan ƙalilan ne ke samunsu a ƙasar nan. Ko da allurar kyauta ce, mutumin da ya shafe wuni yana hanya ya riga ya wuce lokacinta.

To amma ba a nan na fi so mu tsaya ba, domin mun saba da zarar an ambaci tsada sai kowa ya naɗe hannu. Abin da ya fi ba ni mamaki a makonni uku da na yi ina zirga-zirgar jinya shi ne, yawancin abin da ke raba rayuwa da mutuwa a wannan ciwo ba na'ura ba ce, tsari ne. Bincike na shekaru da dama ya nuna cewa majinyatan da aka tara a ɗaki guda na musamman, da ma'aikatan jinya da suka san aikin, sun fi tsira kuma sun fi komawa gida da ƙafarsu. Me ake yi a ɗakin? Ana gwada haɗiyar majinyaci kafin a sa masa ko ɗigon ruwa a baki, domin ciwon kan kashe maƙogwaro, sai ruwa ko kunu ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. Rubutun da aka ɗura wa Kawu da asfirin ɗina da aka jiƙa, duk ta nan wani sashensu ya bi, kuma ciwon huhun da ya biyo baya ya kusa yin abin da fashewar jijiyar ba ta yi ba. Ana juya majinyaci duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Ana lura da zazzaɓi da sukari da hawan jini a kan kari. Ana fara gashi da motsa gaɓoɓi da wuri. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar dala. A ɗakin da aka kwantar da Kawu kuwa, ma'aikaciyar jinya ɗaya ce da dare ga gadaje masu yawan gaske, mu 'yan uwa ne muka zama masu juyawa, bayan wata dattijuwar nas ta tausaya ta koya mana.

Akwai kuma ruɗanin da muke yi game da waye likitan wannan ciwo. A bakin jama'a, duk abin da ya shafi kai "ciwon ƙwaƙwalwa" ne, sai a haɗa mai farfaɗiya da mai karkarwar jiki ta tsufa da mai taɓin hankali a kwando ɗaya, a nufi Dawanau ko Barnawa ko Kware da su. Alhali fannoni uku ne mabambanta: likitan taɓin hankali daban, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi daban, mai tiyatarsu kuma daban. Na biyun da na ukun su ne suka yi mana ƙaranci. Marigayi Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan tun 1962, kuma Arewa na da cibiyar wannan tiyata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, amma har yau ƙwararrun a manyan asibitocin koyarwa suka taru, ga kuma Saudiyya da Ingila suna ta kwasar waɗanda muka horar. Kawu ya kwana huɗu a gado kafin ƙwararren fannin ya zo kansa, ba don sakaci ba, don layin da ke gabansa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa komai ya fi ƙarfinmu. A Kano, likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tare da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun shafe shekaru suna auna gudun jini a kan yara masu sikila da wata ƙaramar na'ura mai aiki da sauti, suna gano waɗanda ke cikin haɗarin shanyewar jiki tun kafin ta same su, suna ba su ƙwayar haidiroksiyuriya maimakon ƙarin jini na wata-wata da iyaye ba za su iya ɗauka ba. An buga sakamakon a 2022, kuma duniya ta yi na'am da shi. A nan gida aka yi wannan, da ma'aikatanmu.

Saboda haka tambayoyina ga masu riƙe da ma'aikatun lafiya na jihohinmu ba su da yawa. Idan aka sayi na'urar hoto aka yanka kirtani aka ɗauki hotuna, wa aka ɗora wa alhakin gyaranta, kuma ina kasafin dizal da kayan gyara? Me zai hana a keɓe gadaje shida ko takwas a kowane babban asibitin jiha domin masu wannan ciwo, a horar da nas-nas a kan gwajin haɗiya? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta hana mutum kulawar gaggawa, to shin hoton da babu magani sai da shi ba ya cikin gaggawar ne, da za a ce sai an ga rasit? A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Ko ba a cika duka ba, ai kwangilar gyaran na'ura ɗaya ba ta kai kuɗin ayarin motocin rakiya ba.

Kawu ya tashi. Yana tafiya da sanda yana jan ƙafar dama, da hannun hagu yake jan carbi, maganarsa kuma ta dawo rabi da rabi, sunayen abubuwa ne suka fi ɓace masa, mutumin da ya shekara 35 yana koyar da nahawu. Likitar ta ce babu mai iya cewa asfirin ɗin ya ƙara girman zubar ko bai ƙara ba. Da na gaya masa abin da na yi, ya daɗe yana neman kalma, sannan ya dafa gwiwata da hannun hagu ya ce, "Ɗana, ka bari." Na saya masa na'urar awon jini, jikarsa ce ke ɗaura masa kowace safiya tana rubuta lambobin a tsohon littafin rajistarsa na makaranta. Watan jiya na kai shi ganin likita, na tambaya ko an gyara na'urar asibitin, aka ce ana jiran injiniya daga Legas.