Ba da Tarihi a Rediyo: Magana Zarar Bunu Ce

Duk mai shiga kasuwar Magarya ko ta Dungas ya san ba a kashe rediyo a rumfa. Mai awo na saurare, mai tuyar ƙosai na saurare, dillalin shanu ma haka. Shi ya sa mu masu gabatar da shirin tarihi ya zame mana dole mu auna magana kamar yadda kuke auna hatsi da tiya, domin abin da muka faɗa da safe, kafin la'asar ya ƙetara iyaka ya kai Baɓura da Maigatari.

Tarihin wannan yanki bakinsa ba ɗaya ba ne. Dungas da Waca da Mirya tsofaffin masarautun Tsotsebaki ne, waɗanda Damagaram ta mamaye a ƙarni na 19. Maroƙin Zinder yana yi wa Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, kirarin ganuwa da igwa. Dattijon ƙauyen da aka ci da yaƙi kuwa, labarin da ya gada na rumbunan da aka ƙone ne da 'ya'yan da aka kama. Wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya, ya yi tauye a mudu.

Mun taɓa ganin illar sakin baki. Wani baƙon shirinmu ya ambaci wata unguwa, ya ce bayin sarki ne suka kafa ta. Bayan mako biyu sai ga wata mai sayar da man gyaɗa ta same mu, ta ce: "Malam, maganarku ta sa an fasa auren ɗiyata." Dokar Nijar ta 2003 ta tanadi hukunci a kan bauta, amma gori bai bar bakin mutane ba.

Tun daga ranar muka ɗaukar wa kanmu ƙa'ida. Ba ma ba da labarin yaƙi sai mun ji daga ɓangarorin biyu. Muna gwada abin da muka ji da rubuce-rubuce, irin littafin da Farfesa André Salifou ya wallafa a 1971 kan Damagaram. Sannan ba ma kama sunan gida ko zuriya a zancen bauta.

Ku kuma iyayenmu mata, tarihi da yawa yana hannunku: na fatauci, na yunwa, na auratayya da 'yan uwa na ƙetaren iyaka. Idan kun ji mun yi kure, ku aiko mana da gyara. Allah ya sa mu faɗi alheri ko mu yi shiru.