Ɗan haye a dandali: wahalar mai koyon kiɗa da waƙa a ƙasar Korgom

Idan kaka ta yi, aka ɗaure dammunan hatsi aka kai rumbu, sai dandali ya farka a ƙauyukan Korgom. Korgom tana cikin gundumar Tasawa, jihar Maraɗi, ba nisa da iyakar Najeriya. Mutanenta manoma ne da makiyaya. Da damina ba mai lokacin wasa. Amma da kaka da rani, in farin wata ya fito, samari da ƴanmata sukan taru bayan sallar lisha. A nan ne mai sha'awar waƙa ke gwada muryarsa. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a tambayar takarda. Wanda ya ga zai iya, sai ya shiga tsakiyar fili.

Shiga fili abu ne mai sauƙi. Fita da mutunci shi ne aiki. Jama'a suna ganin makaɗi ranar da ya gwanance, amma ba su san wahalar da ya sha kafin ranar ba.

Ɗan gado da ɗan haye

A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kamar ƙira da fawa da wanzanci. Ɗan makaɗi yana buɗe ido ya ga ganga rataye a zaure. Tun yana ƙarami yake bin ubansa gidan biki. Ya fara da ɗaukar kaya, ya koma cikin ƴan amshi, ya daɗe yana amshi kafin a bar shi ya ja waƙa. Kunnensa ya nuna tun bai san ana koyo ba.

Ɗan manomi ko ɗan makiyayi da ya shiga kiɗa shi ake ce wa ɗan haye. Shi ba ya da uban gida, ba ya da ƴan amshi. Wahalarsa ta farko a cikin gida take. Uba yakan ce: a zuriyarmu ba a roƙo. Uwa takan ji tsoron kada a hana ɗanta mata in ya tafi neman aure, don akwai gidajen da ba su ba maroƙi ɗiya. Saboda haka saurayi yakan ɓoye abin kiɗansa a gona, ko ɗakin abokinsa. Yakan yi koyo can bayan gari, ko wajen kiwo, inda ba mai jinsa sai awaki.

Kayan kiɗa

Mai koyo ba ya da kuɗin sayen kaya, don haka da hannunsa yake haɗawa. Gurmi ƙwarya ce ƙarama da aka rufe da fata, aka soka mata sanda, aka ɗaura tsirkiya. Kuntigi ya fi sauƙi: gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya guda. Goge kuwa yana son fatar guza da izgar doki, da ƙaro na shafa wa abin gogawa.

Haɗa kaya ba shi ne iya kiɗa ba. Tsirkiya in ta yi sako-sako murya ta faɗi, in an ja ta da yawa ta tsinke. Fata in ta sha raɓa sai ta saki, sai an kanga ta kusa da wuta ko an shanya ta a rana. Yatsun da suka saba da hauya da kwashe suna da tauri, ba su son lanƙwasa. Sai an yi watanni kafin hannu ya daina jiran ido. Daga nan kuma wata wahala ta taso: haɗa hannu da baki. Mai koyo in ya kula da kiɗa sai waƙa ta kuɓuce, in ya kula da waƙa sai kiɗa ya karkace. Maganin wannan guda ne, maimaitawa. Da koyo akan iya.

Riƙe waƙa a ka

Dā mai koyo yakan zauna gindin rediyo yana jiran Muryar Sahel ko Rediyon Kaduna su sa waƙar da yake so. In ta wuce, ta wuce ke nan, sai wani jiƙon. Da kaset ya zo aka samu sauƙi, ana mayarwa baya a sake ji, sai dai batir yana cin kuɗi. Yanzu waƙoƙi suna cikin wayar hannu, ana tura wa juna a kasuwa. Amma waya ba ta zuba waƙa a kan mutum. Har yanzu sai an zauna an haddace.

A nan ne yaƙi da jahilci ke da rana. Wanda ya iya karatu da rubutu cikin Hausa yana iya rubuta ɗiyan waƙarsa a littafi, ɗaya bayan ɗaya, ya sa amshi a sama. In dabara ta zo masa a gona, ya rubuta da maraice kafin barci ya tafi da ita. In zai yi waƙar biki, ya rubuta sunayen dangin ango da na amarya, ya bi su da kyau. Kowa ya san abin da ke biyo baya in mawaƙi ya tsallake sunan babban gida, ko ya haɗa mutum da kakan da ba nasa ba. Wanda bai iya rubutu ba ya dogara da kansa kaɗai, kai kuwa yakan yi yoyo ranar tsoro.

Ranar shiga fili

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban taro ya san abin. Gwiwa ta yi sanyi, miyau ya ƙafe, waƙar da aka yi sau ɗari a bayan gari ta gudu. Yara ba su da kara, nan take za su fashe da dariya. Ƴanmata in kiɗa bai yi musu ba sai su kama tafi da gaɗarsu, su bar mai waƙa tsaye shi kaɗai. Wani lokaci kuma makaɗan gado suna wurin. Su sana'arsu ce, da ita suke ci da iyali, ba su murna da wanda zai raba musu kari. Sukan ɗaga kiɗa su danne muryarsa.

Ƙura da sanyin hunturu su ma abokan gaba ne. Mai koyo yakan yi ta ihu don a ji shi, kafin tsakiyar dare murya ta dishe. In Allah ya taimake shi wani ya manna masa dala biyar ko goma, ranar ba ya barci don murna. Washegari kuma gari ya ɗauka: ɗan wane ya zama maroƙi. Da yawa daga nan suke ajiye gurmi har abada. Ƙauye ya yi asarar mawaƙi, ba wanda ya sani.

Zamanin Samariya

Akwai lokacin da ɗan haye ya samu inuwa. Bayan da Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, gwamnati ta farfaɗo da Samariya a birni da ƙauye. Samariya tana aikin gayya, tana kuma shirya waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. A 1976 aka yi babban bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram, daga nan aka riƙa zagayawa da shi jiha jiha. Ana fara tankaɗe daga ƙasa, waɗanda suka ci su wuce gaba. A wannan fili ba a tambayar gado. Ɗan sarki da ɗan malam da ɗan manomi duk suna waƙa, ba wanda ya ce musu maroƙa, don aikin ƙasa ne. Sai dai yawancin waƙoƙin na yabon aikin gwamnati ne da kiran jama'a ga aiki.

A 1987 aka kafa gasar kiɗa mai sunan Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin Tawa. Bayan ƴan shekaru aka buɗe makarantar koyon kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai. Amma Yamai da nisa daga Korgom. Bayan babban taron ƙasa na 1991 ƙarfin Samariya ya ragu, samari suka koma zaman fada da shan shayi. Mai koyo ya koma neman fili a gidan biki da suna da wajen kokowa.

Waɗanda suka yi haye suka ci

Kada mai koyo ya karaya. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa ta ƙasar Katsina, ba ɗan gado ba ne. Mahaifinsa Bafillace ne, bai so ɗansa ya yi waƙa ba. Shata ya yi tallan goro, a dandali ya fara waƙa tare da samari. Kafin rasuwarsa a 1999 ba inda sunansa bai kai ba a ƙasar Hausa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa.

Malam Maman Barka, ɗan makiyaya ne daga Taskar, kuma malamin lakwal ne. Da gurmi ya yi suna a Nijar. Bayan ya shahara bai ji kunyar komawa ɗalibi ba. A 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi wajen wani tsoho, Bukar Tar, ya koyi biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, wanda ya kusa ɓacewa. Ya kai shi har ƙasashen Turai kafin ya rasu a 2018. Ɗan Maraya Jos kuwa, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya guda ya yi wa duniya wa'azi.

Shawara ga mai koyo da iyayensa

Mai koyo ya fara da waƙa guda, ya iya ta sarai, kafin ya kama ta biyu. Ya nemi abokai biyu ko uku su riƙe masa amshi, don amshi shi ke ba mawaƙi damar numfashi da tuna abin da ke gaba. Ya gwada gaban mutum biyar kafin ya tsaya gaban ɗari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya je ya gaida makaɗan garinsu, ya nemi izini da albarka, ya ɗauki kayansu in ta kama. Wanda ya bi manya ba ya ɓata.

Ya kiyayi zambo. Waƙar da ta zagi makiyayi ko ta zagi manomi tana iya hura wutar da mai gari da sarki za su daɗe suna kashewa. Abin waƙa bai ƙare ba: ga tsare burtali, ga renon sabon tsiron gawo a gona, ga riga-kafin yara da na bisashe, ga karatun manya.

Kuma kada gurmi ya kori hauya. Kari ba ya cika rumbu. Damina ta gona ce, rani na dandali.

Iyaye su ma su sassauta. Yaron da ya yi nomansa, ya yi sallarsa, ya ɗauki gurmi da dare, bai yi abin kunya ba. Jama'ar dandali kuma, in sabon mawaƙi ya yi tuntuɓe, a karɓa masa amshi maimakon dariya. Sannu sannu ba ta hana zuwa.