Daga mujallar bincike zuwa rumbun manomi: me ke bayan muƙamin farfesa a jami'o'in Nijar?

Duk shekara idan watan Yuli ya kama, shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp na ƴan Nijar kan cika da hotunan malaman jami'a ana yi masu barka. Wannan ya zama farfesa, wancan ya hau mataki na gaba. Daga Yamai zuwa Maraɗi, Damagaram da Tawa, har ƴan ƙasa mazauna Kwatano, Abijan da Faransa, kowa na tura hoton ɗan garinsu. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu barkar suka san abin da aka auna kafin a ba da muƙamin, ko kuma inda rubuce-rubucen da suka kai malamin can suke ƙarewa.

Wa ke ba da muƙamin?

A Nijar ba shugaban jami'a ne ke cewa wane ya cancanci zama farfesa ba. Hukuncin na hannun CAMES, majalisar kula da ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, wadda shugabannin ƙasashe suka kafa a nan Yamai a 1968, take da mazauni a Wagadugu. Masanin tarihin nan na Burkina Faso, Joseph Ki-Zerbo, shi ne babban sakatarenta na farko.

Malami yakan fara ne a matsayin mataimaki bayan ya kammala digirin dakta. Daga nan akwai matakai uku da ake kira da Faransanci maître-assistant, maître de conférences da professeur titulaire, wato cikakken farfesa. A kowane mataki sai ya haɗa kundinsa ya aika: darussan da ya koyar, shekarun da ya yi a matakin baya, ɗaliban da ya jagoranta, sannan uwa uba maƙalun da ya wallafa a mujallun da masana ke tace rubutu kafin a buga. Kwamitocin ƙwararru na kowane fanni, waɗanda suka haɗa farfesoshi daga ƙasashe daban-daban, su ke duba kundin. Wanda ya cika sharaɗi a sa shi cikin jerin waɗanda suka cancanta, wanda bai cika ba a ce ya sake shiri. Likitoci, masana shari'a da na tattalin arziki suna da wata hanyar kuma, gasar agrégation da ake yi duk bayan shekara biyu, inda ɗan takara ke tsayawa gaban alƙalai ya gabatar da darasi.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Tun da alƙalan ba ƴan gida ba ne kaɗai, sanayya da alfarma ba su da tasiri sosai, kuma muƙamin da aka samu a Maraɗi yana da daraja ɗaya da wanda aka samu a Dakar ko Yawunde.

Sunayen da ke kan ƙofofin jami'o'i

Nijar na da jami'o'in gwamnati a dukkan jihohinta, kuma sunayen da aka raɗa wa manyan cikinsu na mutanen da suka bar aikin ilimi ne a bayansu. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar fiziks ne da ya ja ragamar ofishin binciken makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, tun lokacin da mutane da yawa ke ganin zancen wutar rana mafarki ne. André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, ya wallafa tarihin daular Damagaram a ƙarni na 19 a shekarar 1971, daga baya ya rubuta na tawayen Kawusan. Djibo Hamani na jami'ar Tawa ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa da na sarautar Ayar. Boubakar Ba, wanda aka sa wa jami'ar Tillaberi sunansa, masanin lissafi ne kuma shugaban jami'ar Yamai na farko. Duk wanda ke son sanin yadda Tanimun ya mulki Damagaram, har gobe ta kan littafin Salifou zai bi.

Buhu mai riga uku

Masu cewa binciken jami'a ba ya wuce kabad ɗin ofis ya kamata su leƙa kasuwar wake. Nijar ce ƙasa ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya, kuma shekara da shekaru ƙwari ke tilasta wa manomi sayar da amfaninsa da kaka, lokacin da farashi ke ƙasa, ko kuma ya barbaɗa masa magani mai guba. Buhun nan mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda ake kira PICS, ya samo asali ne daga binciken da jami'ar Purdue ta Amurka ta fara da abokan aikinta a arewacin Kamaru, aka kuma bazu da shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Cikin waɗanda suka gwada shi a ƙauyuka suka rubuta sakamakon akwai Ibrahim Baoua, masanin ƙwari da ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi kafin ya koma jami'ar Dan Dicko Dankoulodo.

Maƙalun da shi da abokan aikinsa suka wallafa sun bayyana yadda abin ke aiki: idan aka ɗaure ledojin da kyau, ƙwarin da ke ciki su ke cinye ɗan iskar da ta rage, sai su daina ci, su daina haihuwa, daga ƙarshe su bushe su mutu. Ba magani, ba guba. Wannan bayani ne ya sa ake jaddada wa manomi kada ya riƙa buɗe buhun, kuma ya duba ko ledar ta huje kafin ya sake amfani da ita.

Haka abin yake da murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Masu bincike na jami'ar Maraɗi, INRAN da cibiyar ICRISAT ta Sadore sun yi shekaru suna kiwon wata ƴar ƙaramar zanzaro da ke sumar da tsutsar ta saka ƙwanta a jikinta. Ana zuba ta cikin ƙananan buhunan algarara tare da ɗan hatsi da tsutsotsin da za ta fara hayayyafa a kansu, a rataye kusa da gonaki, ita kuma ta bazu da kanta.

Aikin gida, yabon waje

Labarin sassaben zamani ya nuna wani gefen kuma. Tun farkon shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka fara barin tohon kututturan gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi masu aski maimakon su sare. Duniya ba ta san girman abin ba sai da masu bincike, cikinsu har da Mahamane Larwanou ɗan Nijar, suka bi ƙauyukan Damagaram da Maraɗi, aka kuma gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan adam. Daga nan ne aka samu alƙaluman da ake ambato ko'ina: kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 an ba Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya yaɗa dabarar a Maraɗi, lambar yabo ta Right Livelihood tare da manomin Burkina Faso Yacouba Sawadogo. Sun cancanta. Amma matashin Maraɗi nawa ne zai iya kiran sunan ko mutum ɗaya daga cikin masu binciken ƙasarsa da suka ƙirga itatuwan?

A fannin zamantakewa ma akwai irin wannan aiki. Cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001, wadda Mahaman Tidjani Alou da Jean-Pierre Olivier de Sardan ke cikin waɗanda suka assasa ta, ta yi bincike kan ƙananan cin hanci a ma'aikatu da yadda ake karɓar marasa lafiya a likita. Ta kuma bi diddigin tsarin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta da aka kawo a 2006, ta nuna yadda jinkirin biyan cibiyoyin lafiya kuɗinsu ke jawo ƙarancin magani. Rahotanninta na kan intanet, kowa na iya saukewa kyauta.

Tsadar bugawa da tarkon ƴan damfara

Wallafa maƙala ba abu ne mai sauƙi ba ga malamin da ke koyar da ɗaruruwan ɗalibai a aji ɗaya, ga ɗaukewar wuta, ga ɗakin gwaji maras kayan aiki. Manyan mujallu da dama na karɓar kuɗi idan marubuci na son kowa ya karanta aikinsa kyauta. Mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a 2021, wato sama da sefa miliyan 6 a kan maƙala ɗaya. Wasu kamfanonin na yafe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma shirin Research4Life na ba jami'o'in irin waɗannan ƙasashe damar karanta dubban mujallu kyauta, amma sai jami'a ta yi rajista, sai kuma intanet ta samu.

A wannan giɓin ne mujallun bogi suka sami kasuwa. Suna aiko wa malami saƙo da alƙawarin buga masa aiki cikin ƴan kwanaki in ya biya, ba tare da wani masani ya duba ba. Wanda ya faɗa tarkonsu ya yi biyu babu, kuɗi sun tafi, kuma kwamitin tantancewa na iya ƙin ƙirga maƙalar.

Akwai kuma batun wanda ke biyan kuɗin binciken. Aikin buhun wake gidauniyar Gates ce ta ɗauki nauyinsa, na murzuna kuma gidauniyar McKnight ta tallafa, duka na Amurka. Idan mai ba da kuɗi na waje ne, shi ke da babbar murya wajen zaɓen abin da za a bincika, kuma ranar da ya janye aiki na iya tsayawa cak. Ƙasashen Tarayyar Afirka sun daɗe da amincewa su riƙa ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa domin bincike, amma akasarinsu ba su kai ko kusa ba.

Da wane harshe?

Kusan duk waɗannan maƙalu da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta su, domin su ne ake ƙirgawa wajen ƙarin girma. Malamin da ya ɓata sati biyu yana mayar da bincikensa Hausa, ko ya shiga rediyon karkara ya yi wa makiyaya bayani, yana yi ne don kishin kansa. Abdou Moumouni ya hango wannan matsala tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, inda ya nemi a koyar da yara da harsunansu. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Jami'o'i na iya fara cika wannan magana da abu mai sauƙi: kowane kundin digiri ya zo da taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da Hausa ko Zabarmanci, a sa shi inda ƴan jarida da masu shirin rediyo za su samu.

Ƴan Nijar da ke koyarwa ko karatu a waje su ma suna da abin yi da bai buƙaci miliyoyi ba, kamar haɗa hannu da malamin gida a rubuta maƙala tare, duba wa ɗalibi rubutunsa na Ingilishi, ko jagorantar kundin dakta daga nesa. Mai karatu kuma, in ya sake ganin hoton ɗan garinsu a watan Yuli, bayan barka yana iya rubuta sunan malamin a Google Scholar ya ga a kan me ya yi bincike, sannan ya tambaye shi yadda abin zai amfani gonar gidansu ko likitar unguwarsu.