3.4 Bashi da Noman Rani a Matsayin Hanyoyin Rage Talauci a Kurmin Kogi

Mafi yawan mutanen Kurmin Kogi da ƙauyukan ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan manoma ne. Da damina suna noma masara da dawa, masu fadama kuwa suna da rake, da rani kuma tumatir da albasa. Saboda haka talauci a wannan yanki yana da lokacinsa. Da kaka ƙaramin manomi kan sayar da hatsi da araha don biyan bashi da hidimar aure, idan damina ta yi tsakiya kuma rumbu ya ƙare, sai ya sayi hatsin nan da tsada. Polly Hill (1972), wadda ta yi nazarin Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, ta nuna cewa a irin wannan lokaci ne matalaucin manomi ke barin gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar mai hali, ta yadda baɗi ma abin da zai girba ba zai kai shi ba.

Gwamnatoci sun ɗauki bashi a matsayin maganin wannan matsala. An kafa Bankin Jama'a a 1989, sai bankunan al'umma a 1990, sannan shirin FEAP a 1997 da NAPEP a 2001. Sai dai binciken da Christopher Udry ya gudanar a ƙauyuka huɗu na kusa da Zariya tsakanin 1988 da 1989 ya gano cewa manoma suna da nasu tsarin rance tun da daɗewa. Galibi tsakanin dangi da maƙwabta ake yin sa, ba takarda, ba jingina. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, idan wanda ya ci bashin ya gamu da asara, kamar ambaliya ko rashin lafiya, akan sassauta masa biya ko a jinkirta. Idan kuwa mai ba da rancen ne ya shiga matsi, akan ƙara masa wani abu. Wato rancen ƙauye bashi ne kuma kariya ce. Bashin banki yana da ranar biya tabbatacciya, ko an girbe ko ba a girbe ba, don haka tsoron da ƙaramin manomi ke yi masa ba jahilci ba ne, lissafi ne.

Ta wannan fuska shirin Fadama, wanda aka soma a farkon shekarun 1990 da tallafin Bankin Duniya, ya fi dacewa da yanayin yankin. Injinan ban-ruwa da rijiyoyi marasa zurfi da ya yaɗa suna sa kuɗi su shigo hannun manomi da rani, wato gab da lokacin sayen taki. Amma fa ba kowa ke da fadama ba, kuma wanda ba shi da ita yawanci shi ne ya fi talauci. Akwai kuma matsalar kasuwa. Masana'antar sarrafa tumatir ta Ikara, wadda aka kafa a 1981, ta shafe shekaru masu yawa a rufe, alhali tumatir ba ya jiran mai saye. A 2016 kuma tsutsar tumatir ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir.